Muryar Kaka a Bakin Zabuwa

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Ina gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, miji marar sayen man zafi. Kai, tsaya tukuna! Wannan durƙuso har ƙasa na mene ne da sassafe? Ruwa ba ya tsami banza."

Kaka na zaune a bakin gadonta tana murza gwiwa. A ƙofar ɗakin jikanta ne durƙushe cikin kayan makaranta da suka sha guga. Tsinke ake ce masa a gidan, don in ya juya gefe sai a neme shi a rasa. Yana ajin ƙarshe a sakandare. Tun yana rarrafe take kiran sa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba.

"Rakiya za ki yi mini," in ji shi. "Yau ajinmu za mu ziyarci situdiyo, inda ake yin katun."

"Inda ake yin me?"

"Katun. Zanen nan mai motsi na talabijin."

"'Yan tsanar nan masu ido kamar faranti? Ni da na haifi ubanka za ka kai cikin 'yan tsana?"

"Saurara mana, tsohuwa. Sun ce cikin ɗaliban da suka zo za su ɗauki mutum ɗaya ya koyi aiki a wurinsu da hutun nan. Duk mai so ya kawo ɗan labarinsa a zane, ya zo da wanda zai yi muryar. Zanena na nan a jaka. Murya ce babu."

"Taka fa? Ɓera ya ɗauke?"

"Sarauniya na zana, Kaka. Na duba gabas da yamma, ban ga mai muryar sarauta ba sai ke."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Jiya-jiyan nan ka ce muryata kamar ana jan kwano a kan siminti."

"Kwanon zinariya nake nufi."

Ta harare shi. Amma ta san abin da ta sani. Yaron nan tun yana ƙarami ya cinye bangon gidan da gawayi, ya cinye bayan kalanda, har marfin kwalin maganinta bai tsira ba. Ubansa kullum cewa yake zane ba ya cika tukunya. Jiya kuwa ta ga an fito da kwanon abincinsa yadda aka kai shi. Tsinken da ke lashe tukunya har ta ga fuskarta, in ya bar abinci, magana ta kai inda ta kai.

"Miƙo mini leshina na ƙasan akwati," ta ce. "Da kwalbar turaren. Ba don kai zan je ba. So nake in ga matan da suka ɗauke maka hankali har ka daina cin abincin gidana."

Haka Kaka ta shiga bas ɗin makaranta, ta kori wani yaro daga kujerar gaba, ta zauna kusa da malamin zane kamar da kuɗinta aka sayi motar.

Situdiyon a saman bene yake. Ɗaki ne dogo, sanyi kamar cikin randa, tebura jere, kowane tebur da kwamfuta da wani allon gilashi da ake zane a kansa da alƙalami marar tawada. Abin da ya ɗaure wa Kaka kai shi ne madubi. Kowane tebur da ɗan madubinsa. Ga wani ƙato mai gemu, wanda ya isa aurar da 'ya, ya tasa madubi gaba yana yaƙe haƙora, yana tsuke baki, yana zaro ido, sai ya duƙa ya yi zane, ya sake ɗagowa ya murguɗa wa kansa baki. Can gefe wata budurwa ta saɓa tsintsiya a kafaɗa tana tsalle da ƙafa ɗaya, wata na bin ta da waya tana ɗauka.

Kaka ta jawo hannun rigar jikanta. "Tsinke, gidan aiki ka kawo ni ko inda ake ɗaure masu taɓin hankali?"

"Yi a hankali, za su ji."

"Su ji mana. Wancan mai gemun, matarsa ta san abin da yake yi in ya ce ya tafi ofis?"

Shugabar wurin ta ji, ta yi dariya. Mace ce gajera mai fara'a, da fensir soke a ɗankwalinta. Ta gaida Kaka da ladabi, sannan ta ce wa ɗaliban mai zane ba ya zana fushi sai ya ga yadda fushi ke zama a fuska, ba ya zana tsalle sai ya ga inda nauyin jiki ke sauka. Shi ya sa madubi, shi ya sa tsintsiya.

Aka kashe fitila aka nuna musu ɗan gajeren fim da gidan ya yi. Labarin wani silifa ne ɗan ƙafar hagu da aka manta a tashar mota, yana ta yawo tsakanin ƙafafun mutane yana neman ɗan'uwansa. Kaka ta shiga kallo da taɓe baki. Kafin a kai tsakiya ta miƙe rabin tsaye.

"Ga shi can ƙarƙashin benci! Kai, juyo! Wawan takalmi, bayanka!"

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Da aka kunna fitila ta gyara mayafi kamar ba ita ba. Shugaba ta ce wannan ɗan fim ɗin, da bai kai a sha kofin shayi ba, tun daga wata damina har wata damina suna kansa.

"A kan silifa?" in ji Kaka. "Da kun yi magana ai da na ba ku nawa, ƙafa biyu cif."

"Ba ki ba ni ba, ni da nake mijinki, sai baƙi?" in ji Tsinke.

"Kai ƙafarka ta shiga silifa? Sai dai kwalekwale."

Daga nan aka zo kan abin da ya kawo su. Shugaba ta ce a gidan nan ba a zana baki sai an ji abin da bakin zai faɗa. Murya ake fara ɗauka, sannan mai zane ya bi ta gaɓa-gaɓa yana buɗe baki yana rufewa. Don haka kowane ɗalibi zai shigar da mai muryarsa, a ɗauka, shi kuma ya zauna ya nuna abin da hannunsa zai iya.

Wata yarinya mai tabarau ta shigar da ƙanenta ya yi kukan mage, har mai gemu ya leƙa ƙarƙashin tebur. Wani yaro ya yi muryar tsohon direba da kansa, aka tafa masa. Aka zo kan Tsinke.

Ɗakin ɗaukar muryar ɗan ƙurƙut ne, an manne bangonsa da soso kamar cikin katifa, ƙofarsa mai nauyi, da taga ta gilashi da ake hango na waje. Mai ɗaukar murya ya zaunar da Kaka gaban makirfo, ya ɗora mata abin ji a kunne a kan ɗaurinta, tana gargaɗinsa kada ya rushe mata gini. Ya fita ya ja ƙofa. Duniya ta yi tsit, har tana jin bugun zuciyarta. Sai muryarsa ta faɗo mata cikin kunne.

"Mama, faɗa za ki yi. Kamar yaro ya yi miki laifi a gida. In kin ga jar fitila, bismilla."

Jar fitila ta kama. Kaka ta dubi gilashi. Ga malami, ga Shugaba, ga 'ya'yan mutane sun yi cirko-cirko suna kallonta. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya, ta fito da wata siririyar murya, wadda take ajiyewa don surukai da likita.

"Salamu alaikum. Ina gaida masu sauraro na kusa da na nesa. Ina gaida shugabannin wannan gida, Allah ya ƙara arziki."

"Mama, faɗa."

"To. Yaro, ka bari, ka ji? Abin da kake yi ba kyau. Allah ya yi maka albarka."

Ta ga kafaɗun ɗalibai na rawa. Aka sake. Ta ƙara da yi wa iyayen yaron addu'a. Aka kuma sakewa, muryar ta ƙara sirancewa har ta koma kamar ta amarya a daren farko gaban uwar miji. A ranta kuwa cewa take, haka kawai, da leshina da turarena, in buɗe baki gaban baƙi a ce uwar wane ba ta da kamun kai? Faɗa ai ba rawa ba ne da za a ce taso ka taka. Sai an taɓo ka.

Ta gilashi ta ga Shugaba ta duba agogo, ta dafa kafaɗar Tsinke tana yi masa magana a hankali. Ba ta jin abin da ake cewa, amma ta ga yaron ya cije leɓen ƙasa, irin cizon da yake yi tun yana ƙarami in yana hana kansa kuka. Ta buɗe baki don ta taimake shi, harshen ya ƙi. Kunya ta riƙe shi gam.

Sai ta ga Tsinke ya matsa kusa da mai ɗaukar murya, ya danna wani maɓalli. Muryarsa ta shigo kunnenta.

"Amarya, ko dai haƙoran kika manto a gida?"

"Allah ya shirye ka, ɗan nan," ta ce da siririyar muryar, idonta kuwa na cewa za mu koma gida.

"Ɗazu a bas direba ya tambaye ni ko ke ce kika yi renon kakarsa."

"Ka gaishe shi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsinke ya buɗe jakarsa, ya zaro takarda babba, ya manna ta a jikin gilashin.

"To ga sarauniyar da za ki yi wa murya."

Kaka ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido. Zabuwa ce. Zabuwa mai dogon wuya, da ɗauri ya karkace gefen hagu, ta riƙe ƙugu da fiffike ɗaya, tana jan ƙafar dama. Har ɗan tabon da ke ƙasan idon Kaka an ɗiga mata.

"Wace ce wannan?"

"Sarauniya."

"Sarauniyar gidan uban wa?"

"Gidan ɗanki."

Siririyar murya ta tattara kayanta ta gudu.

"Ni ce zabuwa? Ni? Da wannan wuya kamar igiyar guga? Kai Tsinke, kai Tsinke, ka ci gidanku! Kai har kana da bakin zana wani? Ranar da aka haife ka sai da ungozoma ta sa tabarau kafin ta gano ka cikin zani!"

"Ke kuwa an ce ranar da aka haife ki ba a ƙirƙiro tabarau ba."

"Rufe mini baki, sandar rake da aka tsotse! Iska in ta taso sai an sa maka dutse a aljihu!"

"An ce lokacin da kike budurwa dutsen bayan gari yana tsakuwa."

"Lokacin da nake budurwa maza layi suke yi a ƙofar gidanmu har layin ya sha kwana! Irinka ko riƙon takalmansu ba za a ba shi ba!"

"To ina suke? Duk sun gudu sun bar ni da kaya."

"Baƙin cikin rashina ne ya kashe su ɗaya bayan ɗaya!"

"Ko dai kunnuwansu ne suka nemi hutu."

"La ilaha! Ni ka kawo cikin sanyi ka kulle a ɗakin katifa ka yi wa tsiya? Wa ya goya ka har bayana ya lanƙwashe? Wa ya tauna maka abinci lokacin da bakinka ba ko haƙori ɗaya?"

"Shi ya sa zan rama miki yanzu da naki suka ƙare."

"Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, yaro! Sake ni! Yanzun nan, gaban shaidu! Na gaji da auren miji da ko inuwa ba ya da ita!"

"Ba ni da biro."

"Kai da ka cinye bangon banɗakina da gawayi, yau ka rasa abin rubutu? Kuma dubi ƙafar da ka yi mini! Haka nake tafiya? Haka nake tafiya, ɗan nema?"

Ta miƙe don ta nuna masa yadda take tafiya, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ɗaurin ya zame gefen hagu. A nan ta tsaya shan numfashi, a nan kuma idonta ya sauka kan gilashi. Malami ya dafe bango. Mai gemu ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Ɗalibai sun zube kan juna. Jar fitila kuwa tana nan a kunne.

Kaka ta ja mayafi ta rufe baki. "Innalillahi. An ɗauka?"

"Tun daga gidan uban wa," in ji mai ɗaukar murya.

Ta fito fuska a ɗaure, dariyar kowa ta ɗauke. Ta tsaya gaban Shugaba.

"'Yar nan, ku goge. Ni matar mutunci ce. Ba za a ji ni a duniya ina zage-zage da bakin tsuntsuwa ba."

Tsinke ya sunkuyar da kai.

"Muryarki ce, Mama," in ji Shugaba. "In kin ce a goge, gogewa za a yi, ba mai ja da ke. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki bari ya zauna ya yi aikinsa, ki gani da idonki, sannan ki yanke."

Aka ba Kaka kujera da shayi. Aka zaunar da Tsinke gaban allon gilashi, aka sa zanensa a kwamfuta, aka yanko masa guntun muryar. Mai gemu ya turo masa madubi. Tsinke ya mayar masa.

"Tun ina goye nake kallon bakin nan," ya ce. "Na haddace shi."

Ya ɗauki alƙalamin. Kaka na kallo ta saman kofi, tana yi kamar ba kallo take ba. Ya saurari muryar, ya zana baki a buɗe. Ya mayar baya, ya saurara, ya zana shi a karkace. Ya goge, ya sake. Can sai ta ga hannun ya koma tafiya shi kaɗai kamar hannun mai saƙa. Ma'aikatan gidan suka bar teburansu ɗaya bayan ɗaya suka zo suka tsaya a bayansa. Ba mai dariya yanzu. Mai gemu ya dubi Shugaba, Shugaba ta ɗaga gira. Kaka ta ga wannan kallon, ta kuwa san kallon da 'yan kasuwa ke yi wa juna in kaya mai kyau ya sauka. Shayinta ya huce ba ta sani ba.

Aka kashe fitila. Zanen bai da launi, wani wurin ma tsalle yake daga hoto zuwa hoto. Amma ga zabuwa ta fito tana jan ƙafa, ta tasa wani ɗan tsako dogo siriri a gaba, ta buɗe baki, muryar Kaka ta fito tas: "Wa ya goya ka har bayana ya lanƙwashe?" Wuyan na miƙewa daidai inda muryar ke hawa. Tana cikin faɗan sai inuwar shirwa ta gifta a ƙasa. Zabuwar ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma yi shiru ba. Fiffike kawai ta buɗe ta jawo ɗan tsakon ta rufe shi ruf, tana ci gaba da zazzaga masa ta cikin gashinta, har inuwar ta wuce.

Fitila ta dawo. Kaka ta daɗe tana gyaran bakin mayafinta, wanda ba abin da ya same shi.

"Mama, a goge?" in ji Shugaba.

"Wuyan ya yi tsawo."

"Za a rage."

"Ba za a rage ba," in ji Tsinke. "Da ma'auni na auna, tana barci."

"Kun ji ko? Kun ji irin mijin da Allah ya haɗa ni da shi?" Ta juya ga ɗaliban. "To ku buɗe kunne. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Hannun nan da kuke gani ba daga sama ya faɗo ba. Ubansa ko layi ba ya iya ja ya miƙe. A wurina ya tsotsa. Ku bar tsuntsuwar yadda take."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Shugaba ta jira ya lafa.

"Sauran ma sun yi ƙoƙari, kuma ƙofarmu a buɗe take gare su. Amma hutun nan shi muke so, Mama, in kin ba mu shi."

"Sayarwa dai ba zan yi ba, don ba mai saye. Na ba ku shi kyauta. Sharaɗi ɗaya: ku riƙa ba shi abinci, kada wata rana ku ɗauke shi ku yi zane da shi a zaton fensir ne."

Tsinke ya zube gabanta yana dariya, idonsa ya yi ja. "Na sallama, amarya. Yau kin kayar da ni."

"Yau kaɗai? Tashi ka ɗauki jakata, mutane na kallo."

A ƙasan bene mai gadi ya taso ya buɗe musu ƙofa, ya ce a sauka lafiya, Mama. Kaka ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka riƙe fuskar nan da kyau, don za ka gan ta a talabijin da gashin tsuntsu. Ka ga wancan siririn mai riƙe da jakata? Mijina ne. Shi ya zana ni."